Rufewar Baffa da Darasin Bayanau

Shekarar da aradu ta faɗa wa kukar bakin kasuwarmu ta tsaga ta biyu, ita ce shekarar da na fara gini ni kaɗai. Kada a tambaye ni lambarta. A lokacin ban san lamba a rubuce ba, mutanen ƙauyenmu kuma, can wajen Malisa a ƙasar Gwandu, ba da lamba suke riƙe shekara ba. Abin da na sani shi ne gemuna bai gama fitowa ba, ban yi aure ba, kuma a ƙarshen wannan daminar ne ɓarin jikin Kawu ya shanye. Kawu wan mahaifiyata ne. Shi ya ɗauke ni bayan rasuwar babana, shi ya koya mini ginin rufewa.

Yaran yanzu sai an tsaya an yi musu bayani. Rufewa rumbu ne na laka. Ana ɗora ta a kan duwatsu don kada danshi da gara su same ta, cikinta ya buɗe kamar na tulu, wuyanta ya tsuke a sama, a kifa mata jinka kamar malafa. Ba ta da ƙofa. Ta baki ake shiga, ta baki ake fita. Kaurin bangonta bai wuce faɗin tafin hannu ba, amma babba takan haɗiye noman gida guda ta riƙe shi shekaru ƙwaro bai leƙa ba. A zamanin ƙuruciyata, idan baƙo ya doso gari ba ya tambayar wane ne mai hali. Ɗaga ido kawai zai yi ya ga jinkunan da suka leƙo ta saman danga, ya san gidan da zai yi sallama.

Abin da ya tono mini wannan tsohon zance, aji ne. Yau shekara uku ke nan ina zuwa ajin manya a Kalgo, inda nake aikin jera bulo a gine-ginen da ke ta tashi tun da jami'a ta zo garin. Bayan la'asar muke shiga, a wata makarantar firamare idan yara sun tashi, mu zauna kan bencinsu gwiwoyinmu na tokare da tebur. Shekarar farko baƙi da wasali muka sha, har na iya rubuta sunana, aka daina shafa mini tawada a babban yatsa. Ta biyu na iya karanta saƙon waya da kaina. Bana ne muka shiga Turanci sosai. Malamarmu sa'ar 'yata ta fari ce. Baba take ce mini, ni kuma in ce mata Malama, kowa ya ba kowa girmansa.

Ranar da nake magana a kai, ta rubuta kalma biyu a allo: He builds. Ta ce ma'anarsa, yana gini. Sai ta juyo wajena.

“Baba, wannan fanninka ne. Za ka ba mutumin nan aikin ɗakinka?”

Na ce, “Malama, ai ban ga yadda yake yi ba.”

“Yawwa!” Ta ƙara kalma ɗaya a ƙarshe, slowly, ta ce a hankali ke nan. Ta goge ta sa quickly, da sauri. Ta goge ta sa well, da kyau. Ta goge ta sa badly, wato ba da kyau ba.

Akwai wani mai gyaran babur da ke zama bayana, ba ya barin magana ta wuce shi. Ya taɓa kafaɗata ya ce, “Baba, wanga na ƙarshe, ba shi ne yay yi muna katangar gareji ba? Kamar na gane hannunka.”

Na ce, “Ni kuwa na gane wanda ya gyara mini burki na ƙare cikin gonar albasa.”

Da dariya ta lafa, Malama ta ce irin waɗannan kalmomi a nahawun Hausa bayanau ake ce musu, Turawa kuma su ce adverb. Ba sunan kowa ba ne, ba sunan komai ba ne, ba za ka iya nuna su da yatsa ba. Aiki suke bi, su faɗi yadda aka yi shi, ko yaushe, ko a ina, ko sau nawa. Ta ce da yawansu wutsiya gare su, haruffa biyu da ake liƙa wa siffa a ƙarshe, slow ya koma slowly; amma akwai masu taurin kai da ba su karɓar wutsiya, irin su well da fast, su sai dai a haddace. Masu faɗin lokaci, kamar today da yesterday, suna iya zama a farkon magana ko a ƙarshenta, duk inda suka ga dama. Always da never kuwa, wato kullum da ko sau ɗaya, gaban aikin suke shiga kamar ɗan jagora. Daga ƙarshe ta ce, “Kuma ku lura, ko an cire bayanau, maganar tana nan tsaye.”

Ban san lokacin da bakina ya ce, “Magana dai ta tsaya, Malama. Gini ba ya tsayawa,” ba. Aka sake dariya. Ni ban yi ba, don a lokacin na riga na bar ajin. Ina can tsaye cikin laka har ƙwauri, Kawu na kallon ƙafafuna.

Sai a ranar na gane cewa duk shekarun da na yi a hannun Kawu, da irin waɗannan kalmomi ya rene ni. Bai taɓa ce mini “gina” ba. Yakan ce ɗora ƙasa kan ƙasa ba sana'a ba ce, ko zanzaro yana yi, a tambaye shi abin da ya sa ɗakinsa ba ya shekara. Maganarsa a wurin aiki ba ta wuce “sannu,” “tun da sassafe,” “daga ciki,” “ba yau ba,” “sake.” Ƙasa daga tsohon suri muke saro ta, mu haɗa da jar ƙasar bakin fadama, jakuna na jigilar ruwa. A daddatsa busasshiyar ciyawa a watsa, sannan a shiga da ƙafa. Wannan takun shi ne karatun farko, kuma shekara biyu na yi ina yinsa kafin a bar ni in ɗora ko dunƙule ɗaya a bango. Har yau kunnena na riƙe da ƙarar: caɓal, caɓal, ga luguden mata na tashi daga cikin gida, ga zabi na kuka bayan danga, ga Kawu zaune kan turmin da aka kife yana tauna goro. Idan an gama takawa ba a aiki da lakar a ranar. Sai an lulluɓe ta da kara ta kwana uku, ta fara wari irin na bakin tafki, sannan ta yi danƙon da ake so.

Dokar ginin kuwa ɗaya ce: ɗori ɗaya a yini. Tsawon taƙi guda, a zagaye, tun raɓa ba ta bushe ba, sannan a sauko a bar wa rana sauran aikin. Washegari kafin a ɗora wani, sai an danna na jiya da babban yatsa. In ya lotsa, a haƙura. In bai lotsa ba amma farce ya kama shi, to ya yi. Kowace safiya kuma Kawu kan zagaya yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, kunnensa a manne. Lafiyayyen gini amo yake yi kamar sabuwar tukunya. Wanda ya ɓoye danshi a cikinsa muryarsa a dakushe take, kamar ka bugi kabewa. Idan mai aiki ya matsa masa da gaggawa, sai Kawu ya tofar da goro ya ce, “Laka ba ta san sarki ba.” Yanzu a wurin aikinmu inji ke kwaɓa siminti, mu jera bulo sahu bakwai kafin azahar, ɗan kwangila na tsaye da waya a kunne yana cewa a hanzarta. Ban raina aikin ba, shi ke ciyar da gidana, kuma bulo ma yana da nasa ladabi. Amma ban taɓa ganin wanda ya manna kunne a bango yana saurarensa ba. In na yi, yara su ɗauka wani abu ya taɓa ni.

To, kafin ciwo ya kama Kawu, ya riga ya yi wa wani dattijon Bafillace alkawari. Baffa muke ce masa, shi kuma Kaɗo yake ce wa kowane Bahaushe. Ya daɗe da zama wajen Dodoru, yana noma kamar kowa, 'ya'yansa kuma na tafiya da shanu su yi damina a nesa. A shekarar geronsa ya yi kyau fiye da abin da tsoffin rumbunansa za su ɗauka, ya nemi babbar rufewa, Kawu ya ce an gama. Da ciwo ya zo, mahaifiyata, Inna, ta durƙusa gaban tabarmarsa ta ce, “Yaya, a aika wa Baffa ya nemi wani magini tun da sauran lokaci.” Bakin Kawu ya karkace, magana sai da ƙyar. Ya bugi tabarma da hannun da ya rage masa, ya nuna ni, ya ce, “Tahi.”

Na ɗaura wa jaki kayan aiki na tafi. Na tarar da Baffa a ƙofar gida, sanda a gicciye kan kafaɗunsa, hannuwa a rataye a kanta. Ya dube ni, ya dubi bayana, ya sake dubana.

“Kaɗo, ina maginin?”

“Ni ne, Baffa.”

“Allahu akbar. Na aika a kawo min sa, an turo min maraƙi.”

Akwai wata al'ada a ƙasarmu da dole in faɗa kafin a gane halin da na shiga. Idan an gama girbi, mai gari kan sa a yi shela cewa rana kaza za a saki dabbobi su shiga gonaki su ci kara. Kafin ranar, kowa ya kwashe amfaninsa. Abin da dabba ta ci daga ranar, ba ƙara ba shari'a. Dammunan Baffa suna jibge a tsakiyar gona, an kewaye su da ƙaya, suna jiran rufewar da ko duwatsunta ba a kafa ba. Ciwon Kawu ya riga ya cinye mana kwanaki. Na lissafa da yatsu: in na ɗora ɗaya kullum ba fashi, ta sha iska, a yi mata hayaƙi, za mu zuba gero ana gobe sakin dabbobi. Babu rarar ko yini ɗaya. Geron shekarar gida guda, da sunan Kawu, duka suna wuyana.

Kwanakin farko sun tafi daidai. Samari biyu na gidan suna taka mini laka, matar Baffa na aiko da fura da nono idan hantsi ya ɗaga. Sai ga wani hadari na bayan damina, wanda ba a yi tsammani ba, ya zo ya tsaya mana a kai kwana biyu, ba ruwan kirki ba rana, sai yayyafi. Na lulluɓe ginin da zana na zauna ina kallonsa. Yini biyu suka tafi. Daga nan Baffa ya mayar da gindin ginin wurin zamansa. Kullum da na sauko zai ce, “Yau ma taƙi guda? Kaɗo, hawainiya ta riga ka.” Wata rana kuma ba da wasa ba ya ce, “Ɗiyana sun aiko, shanu sun baro inda sunka yi damina. Suna hanya. Ran Juma'a ta sama za a saki dabbobi, ka ji shela da kunnenka.”

Ranar da na kai cikin rufewar, inda ta fi faɗi, na yi ɗorin safe na sauko. Rana ta buɗe sosai a yinin. Da la'asar na je na danna da yatsa. Ya lotsa. Kaɗan ne, amma ya lotsa. Na tsaya na dubi gona, na dubi Baffa da ke zaune yana jan carbi yana kallona, na ce wa zuciyata ai bai lotsa ba, idona ne. Na ce wa samarin su miƙo laka. Na ɗora na biyu.

Baffa ya miƙe tsaye don murna. “Yawwa! Yau nig ga magini. Ashe maraƙin na da ƙaho.” Ba zan ɓoye ba, maganar ta yi mini daɗi ƙwarai.

Na koma ɗaya a yini, kwana uku. A safiya ta huɗu ina zagayen ƙwanƙwasawa, tun daga ƙasa amo na tashi tas, tas, har na zo kan wannan zoben na tsakiya ta ɓangaren arewa, inda inuwa ke daɗewa. Kabewa. Na matsa gaba na buga, na dawo na sake bugawa. Kabewa. Babu tsaga ko ta gashi. A ido bangon ya bushe kamar ƙashi. Amma na san abin da ya faru: na rufe ɗanyen ɗori da wani, waje ya bushe ya kulle ruwa a ciki. Irin wannan ba ya faɗuwa a shekarar. Yakan yi biyu, yakan yi biyar. Sai wata damina, rufewa cike, gero na tura ciki, ta buɗe daga kugu ta zubar da abincin gida cikin taɓo. A lokacin ba mai tuna yinin da aka yi ɗori biyu. Za a ce ƙaddara. Kawu yana kwance nesa, ba zai taɓa jin wannan amon ba. Baffa kuwa da kansa ya yaba.

Na zauna kan dutse na daɗe. Samarin na tsaye da laka a hannu suna jira. Ba wani tunani mai zurfi na yi ba. Abin da ya hana ni tashi in ci gaba shi ne na san duk ranar da na bi ta hanyar Dodoru zan kawar da kai daga wannan gida, har in mutu. Na tashi na ɗauki gatari na hau, na fara sara daga sama.

Baffa yana alwala ya ji ƙarar. Ya taho da gudu, buta a hannu, rigarsa na tashi.

“Kai! Kai, Kaɗo! Mahaukaci anka turo min? Mi kaka yi?”

“Baffa, akwai ruwa ciki.”

“Ina ruwan? Nuna min shi! Bango ƙeƙasasshe kaka sara kana ce min ruwa?”

Na ci gaba da sara har na sauke ɗori huɗu na sama na iso wurin. Na ɓalle dunƙule na sauko na miƙa masa. Bayansa fari ne, tsakiyarsa baƙa, da sanyi. Ya danna yatsa, yatsan ya shige. Ya daɗe yana kallon ramin.

“Wa yas sa wanga?”

“Ni. Ranar da na yi biyu.”

Ya yar da dunƙulen ya goge hannu a riga. Muryarsa ta sauka, abin da ya fi ihun ban tsoro. “Kwana nawa ka mayar da ni baya?”

“Biyar.”

“To ka ji. Ran Juma'a shanu na shiga gona. In sunka taɓa gerona, kai da kawunka kun ci amanata, kuma duk kasuwar da na shiga sai na hwaɗi.”

Daga ranar bai sake zama gindin ginin ba. Fura ba ta daina zuwa ba, amma nesa ake ajiye ƙwaryar a juya. Na koma ɗori ɗaya a yini. Da na sauko sai in bi samarin gona, mu saro ƙaya mu ƙara wa shingen, mu kwaso dammunan da za mu iya mu cusa a ɗakuna, mu ɗora wasu kan rumfa. Amma geron ya fi wurin ajiya yawa. Juma'a ta zo, shanu suka iso, ƙasa ta cika da kukansu da ƙarar kara a bakinsu. Kwana biyu muna gadi muna kora. A na uku, da azahar, mun je salla, wata saniya mai wayo ta sami inda ƙaya ta yi sako-sako ta sa ƙaho ta ɗaga, sauran suka bi ta. Kafin mu iso sun ci sun tattake dami bakwai. Baffa ya zo ya tsaya kan zangarniyar da ta warwatse cikin turɓaya. Bai dube ni ba. Ya sunkuya ya tsinci guda ɗaya ya kakkaɓe ta, ya tafi da ita gida.

Na gama wuyan daga ciki, ina tsaye kan tsani, na fito ta baki. Na bar ta ta sha iska kwanakinta cikakku, ban rage ko ɗaya ba. Na ƙona ƙaiƙayi a ciki hayaƙi ya ratsa bango. Ranar da za a zuba gero, da hantsi, sai ga jaki tafe a hankali, mutum biyu na riƙe da wanda ke kai. Ashe Baffa ya aika da ƙorafinsa har gida, Kawu kuma ya ƙi ci ya ƙi sha sai an kawo shi.

Aka sauke shi aka tallafe shi. Bai amsa gaisuwata ba. Ya sa a kai shi jikin rufewar, ya manna kunne, ya fara bugawa da hannun hagu tun daga ƙasa. Mutanen gidan duk sun fito, ba mai tari. Ya zagaya sau ɗaya, ya sa a ɗaga shi kan turmi ya zagaya sama. Da ya zo tsakiya ya tsaya, don launin sabon ɗori ya ɗan bambanta da na ƙasa. Ya shafa wurin.

“Nan?”

Na faɗa masa duka, ban rage ba.

“Wa yag gani?”

“Ba kowa, Kawu.”

“Wa yac ce... rushe?”

“Ba kowa. Amon ne bai yi mini ba.”

Ya ci gaba da shafa bangon. Baffa ya kasa haƙuri ya matso. “Magini, dami bakwai! Bakwai! Yaronka ya tsaya sauraren bango kamar mai duba, shanu sunka cinye min dami bakwai.”

Kawu ya juyo da ƙyar. “Shanun... wa?”

Baffa ya sosa ƙeya. “Na gidana.”

“To gero bai ɓata ba. Shina dawowa... cikin ƙwarya.”

Matan da ke bakin danga suka fara fashewa da dariya, samari suka bi. Baffa ya yi ta ƙoƙarin ɗaure fuska har ta ƙi ɗauruwa. Ya ce, “Ku Haɓe, bakinku ko ya karkace ba ya rasa magana.”

A sana'armu, ranar zuba hatsi magini ne ke shiga cikin sabuwar rufewa ya karɓi dammunan farko ya jera su da hannunsa. Ma'anar a fili take: in bango zai faɗi, ya faɗa wa wanda ya gina shi. Ba a ba yaro wannan, ko da shi ya yi rabin aikin. Duk shekarun da na yi da Kawu, ni ke ƙasa ina miƙa masa. Ranar ya dube ni, karo na farko tun isowarsa, ya ɗaga haɓa wajen tsani ya ce, “Shiga.”

Na hau na zura ƙafafu na sauka. Ciki da sanyi, ga ƙanshin hayaƙi da sabuwar ƙasa. Muryoyin mutane na zuwa mini ta bango kamar kukan zuma. Na ɗaga kai, sama ta zama faifai guda shuɗi. Sai faifan ya rufe, damin farko ya sauko, na tare shi da ƙirji. Wanda ya miƙo shi Baffa ne da kansa. Na gane hannunsa. An ba ni takardar shaidar gama aji biyu a Kalgo, an tafa mini, na ji daɗi. Amma ban taɓa tsayuwa a wurin da na ji ni cikakken mutum kamar cikin wannan duhun ba.

Kawu bai ga daminar gaba ba. Baffa ya rayu shekaru da dama bayansa, kuma shi ya cika mini kasuwannin ƙasar da suna. Duk wanda ya nemi magini sai ya ce, “Nemi Kaɗon ga mai rushe aikinai.” Bai daina ambaton dami bakwai ba har ya koma ga Allah.

Watanni kaɗan kafin darasin Malama, wani saurayi ya zo wurin aikinmu da kurar ruwa. Muna hira ya ce shi jikan Baffa ne. Na tambaye shi rufewa. Ya ce ai sun rushe ta bayan girbin bara, sun gina shago na bulo da kwano a wurin, yanzu a buhu ake ajiye hatsi a zuba masa magani. Ya ce, “Wallahi Baba mun sha wuya. Mu huɗu, yini biyu, har ƙotar diga ta karye. Ko tsaga babu. Wane ne ma ya gina ta?” Na ce masa wani ne daga wajen Malisa. Na juya na ci gaba da jera bulona, ina murmushi ni kaɗai.

Shi ya sa da Malama ta ba mu aikin gida, kowa ya rubuto jimla huɗu da bayanau a ciki, ban sha wahalar neman abin faɗa ba. Wahalar rubutun ce, ita ma na bi ta a hankali, na goge na sake har takarda ta kusa hujewa. Na rubuta: My uncle worked slowly. He listened always. I built quickly once. It never fell. Ta karanta ta ja kibiya da jan biro, ta ɗauko always ta mayar da ita gaban aikin, inda ta ce mazauninta yake. Sannan ta ce, “Baba, ban koya muku once ba. Ina ka samo ta?” Na ce a jikin kwalin maganin hawan jini na gan ta, na tambayi mai kemis. Ta ce, “To mece ce wannan da ba ta taɓa faɗuwa ba?” Na ce labarin ya fi Turancina tsawo. Ta ce in rubuta shi da Hausa. Shi ne wannan.

Rufewa ashirin da shida na gina da hannuna tsakanin Malisa da Dodoru da ƙauyukan da ke kewaye. Wadda ta faɗi da kanta, babu. Goma sha tara an rushe su an yi shago ko ɗaki a wurin. Huɗu na tsaye ba jinka, tantabaru ke kwana ciki. Uku ne kawai har yanzu ake zuba wa gero. Mu biyar Kawu ya koya wa sana'ar: biyu sun rasu, ɗaya na sayar da fetur a kwalba, ɗaya idonsa ya tafi, sai ni. Wanda ya zo ya ce in koya masa kuwa, har yau ko mutum ɗaya.